Daga Zangon Jega Zuwa Pratunam: Yadda Fataucinmu Ya Kai Birnin Bankok



Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 a ƙasar Tambuwal ko ta Kebbe ya san abin da ake nufi idan aka ce kaya 'yan Bankok ne. Rigar yara 'yar kanti mai hoton zomo a ƙirji, wandon jins, takalmin sallah mai ƙyalli, gyalen mata, har da agogon roba. Idan mai shago yana son ya tsuga maka kuɗi sai ya juya wuyan rigar ya nuna maka rubutun da ke ciki, ya ce, "Duba da kyau, ɗan Bankok ne." Da yawanmu a lokacin mun ɗauka Bankok sunan kamfani ne. Mu marubuta kuwa, da muka tasa, mun sha tura attajiran littattafanmu sayayyar lefe Dubai da Bankok, su je a shafi ɗaya su dawo a shafi na gaba da akwati goma sha biyu.

A farkon 2019 Allah Ya nufe ni da ganin garin, na raka yayana wanda ke da shagon kayan yara a babbar kasuwar Sakkwato. Mun tashi daga Kano, muka yada zango a Adis Ababa, sannan muka sauka a filin jirgin Suvarnabhumi wanda aka buɗe a 2006. Kwana tara muka yi muna ratsa kasuwanni, shi yana ciniki ni ina kallo. To abin da nake son mu tattauna a nan shi ne yadda aka yi Bahaushe ya kai ga wannan gari mai nisa, da abin da ya bambanta tafiyarsa da ta kakanninsa. Kafin mu shiga Bankok ɗin sai mun fara komawa gida, domin labarin daga ƙofar gidanmu ya faro.

Tambuwal ribaɗi ce tun asali, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ne ya zauna a cikinta yana tsaron wannan sashe na daula. Kudu da ita ga Jega, wadda wani Buharin, ɗan Abdussalami, ya kafa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, ta kuma zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular Sakkwato. Gabas da Kebbe kuma ga Gummi, mazaunin Kambarin Barebari, waɗanda tare da Agalawa da Tokarawan ƙasar Kano su ne suka riƙe fataucin goro a ƙarni na 19. Wato dai mu a tsakiyar hanya muke. Ayarin da ya nufi Gwanja yakan kai mutum dubu ko fiye, da jakuna da takarkarai, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da baya. Su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi har su isa Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara, ga kuɗin fito a kowane gulbi, ga gaisuwar sarakunan hanya, ga 'yan fashi.

Abin lura shi ne kayan da suke ɗauka. Ba su tafiya hannu rabbana. Suna ɗauke da kanwa, da baƙin tufafin da aka rina aka buga a Kano da Kura, da saƙi, da jar fatar akuyar Sakkwato wadda ta kai har Turai da sunan fatar Maroko, da takalma da linzamai, da gabu, wato busasshen ganyen albasa, wanda har gobe mutanen Aliero sun san darajarsa. Kuma gaskiya ɗaya ce, a cikin hajar akwai bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Su sayar a zango-zango, su sayo goro a Salaga su ɗaure a waga su juyo. Kayan waje ma ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Baturen Ingila Clapperton ya sayi laimar ƙasarsu a kasuwar Kano a 1824, Barth kuma da ya zo a 1851 ya tarar da akokon Manchester da allurai da ruwan takubban Jamus. Amma shi Barth ɗin ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da kuɗi wuri miliyan 300. Ana shigo da na wasu, ana fitar da namu.

Turawa suka karya Asante a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa goro ya fi sauri ta teku daga Ankara zuwa Ikko. Daga nan jakuna suka huta, hanyar Jega ta koma hanyar mota. Bahaushe bai daina tafiya ba, alƙibla ce kawai ta riƙa sauyawa: Ikko, Kwatano, sannan Jidda ta hanyar aikin hajji, sannan Dubai, sai kuma gabas mai nisa.

Me ya sa Bankok? Shi wannan birni kusan sa'an Sakkwato ne. An mayar da shi babban birnin ƙasar Siyam a 1782, bayan mutanen Bama sun ƙone tsohon birninsu Ayutthaya a 1767, Sakkwato kuwa an gina ta a 1809. Turawa ba su taɓa mulkin ƙasar ba, amma a 1855 sun sa ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Ingila, wadda ta buɗe ƙofar fitar da shinkafa. Fiye da shekara ɗari shinkafa ce babbar hajarsu. Sai a wajen 1960 gwamnatinsu ta fara jawo masu masaƙu, yawanci Japanawa da 'yan kasuwar ƙasar masu asalin Sin. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, domin masaƙar Kaduna ta farko a 1957 ta fara aiki, UNTL ta biyo baya a 1964, aka yi ta Gusau, wadda a lokacin duk lardinmu ɗaya. Ashe tare muka tashi da su, ko ma mun ɗan riga su. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 tufafi sun zarce shinkafa a abin da Tailan ke fitarwa, a daidai lokacin da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, masaƙunmu suka fara tari. Kayan Turai suka fi ƙarfin talaka, na gida suka yi ƙaranci, ga kuma wani gari da zai ɗinka maka rigar yara dozin ɗari cikin mako guda a farashin da za ka ci riba. Inyamurai ne suka fi yawa a wannan hanya, da mutanen Mali da Gini da Senegal, Hausawan Kano da Maraɗi suka bi sahu.

Cibiyar abin ita ce Pratunam. Ma'anar sunan ƙofar ruwa, saboda wata ƙofar da ke tare ruwan Saen Saep, hanyar ruwan da aka haƙa a ƙarni na 19 wadda har yau jiragen kwale-kwale masu inji ke jigilar mutane a cikinta, suna tsere wa cunkoson motoci. Kasuwar tana ci tun kafin asuba a gindin dogon benen Baiyoke, mai tsawon mita 304, wanda aka gama a 1997. Lunguna ne matsattsu, mutum biyu ba sa jerawa, ga masu turin kaya suna ihu a ba su hanya, ga zafi mai ɗanko irin na Ikko. Ba Hausa, ba Turancin kirki, cinikin duk da kalkuleta ake yi. Mai shago ta buga lamba ta miƙo, yayana ya goge ya buga tasa, ta dafe ƙirji kamar an gaya mata rasuwa, ta sake bugawa. Wallahi in ka cire harshen, da cinikin akuya a kasuwar Tambuwal duk ɗaya ne, har da 'yar tafiyar nan ta ƙarya da mai saye ke yi don a kira shi. Ƙa'idarsu ita ce in ka ɗauki uku zuwa sama an ba ka farashin sari. Kusan duk masu shagunan mata ne, su ke riƙe da kuɗi, mazan sai ɗaukar kaya.

A bayan lungunan akwai ofisoshin 'yan kago, an rubuta sunayen garuruwa a jikin gilashi: Legas, Kwatano, Lome, Bamako, Konakiri. Nan ake auna dila a ɗaure da buhu a rubuta sunanka da alƙalami mai kauri. Shi ɗan kagon nan shi ne fatoman wannan zamani. Shi zai nuna maka masauki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai ɗinki, ya tsaya maka in an sami saɓani, ya ci la'adarsa. Aikin da maigida ke yi wa baƙon fatake a zangon Salaga ke nan, ba abin da ya ragu sai ɗaurin jakuna.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a Bobae, wata kasuwar sarin da ake zuwa ta wannan kwale-kwale. Wata mai shago ta ga yayana yana son wani samfurin riga amma launin bai yi masa ba, yana son mai dogon hannu saboda 'ya'yan Musulmi. Sai ta ce mu biyo ta. Muka hau wani tsukukken bene a bayan shagon, sai ga kekunan ɗinki sun kai goma sha biyar, ga mai yanka yana yanka yadi ninki-ninki da almakashin lantarki, ga 'yan mata sun duƙufa ko ɗago kai ba sa yi. Yawancin irin waɗannan ma'aikata daga Isan suke zuwa, wato arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ya fi talauci da fari, kamar dai yadda namu ke tafiya cin rani. Aka auna, aka yanka, aka ce mu dawo jibi. Shago a ƙasa, masana'anta a sama. Na tsaya ina tuna Kantin Kwari, inda benayen da ke saman shaguna suke cike da diloli da aka sauke daga kwantena, ba ƙarar keke ko ɗaya.

Da na dawo gida na je Kebbe gaida kawuna, dattijo ne da ya haura tamanin, kakansa ya yi Gwanja da ƙafa. Na zauna ina ta ba shi labarin benaye da jirgin ƙasa mai tafiya a sama, yana saurare yana murza goro a magogi. Da na gama sai ya ce, "To ɗana, ku mi kuk kai masu?"

Na ce, "Kawu, dala muka kai."

Ya ce, "Dala ɗai? Ba fata, ba gabu, ba komi?"

Na ce, "Babu, Kawu."

Ya kaɗa kai ya ce, "Wanga ba fatauci na ba, cefane na."

Na so in yi masa musu, domin akwai abu guda da mutanenmu ke kaiwa. A unguwar Silom akwai wani dogon bene da ake kira Jewelry Trade Center, da lungunan da ke kewaye da shi, inda ake cinikin duwatsu masu daraja, haka kuma a garin Chanthaburi da ke gabashin Bankok kasuwar duwatsu na ci duk ƙarshen mako. A can za ka ga 'yan Afirka, yawanci mutanen Gini da Mali, da namu jefi-jefi, da 'yan ƙulle-ƙulle a aljihu. Shuɗin yakutun tsaunin Mambila da na kudancin Kaduna yana zuwa nan. Sai dai ɗanye ake kai shi, kamar yadda aka tono. Su mutanen Tailan su suka ƙware wajen gasa dutsen a wuta har launinsa ya fito, su feƙe shi, su ɗora a zobe, kuɗin ya ninka a hannunsu. Da na auna wannan sai na ga in na faɗa wa Kawu ƙara masa hujja zan yi, na ja bakina na yi shiru.

Kada mai karatu ya ce na manta da manyan kantunan zamani, ai su ne abin da baƙo ke fara gani. Mun shiga MBK, wanda aka buɗe a 1985, hawa takwas, shaguna wajen dubu biyu, hawa guda sukutum na wayoyin hannu ne da masu gyaransu, kai ka ce kasuwar Farm Centre ta Kano aka ɗauko aka sa wa sanyi. Mun shiga Platinum, wanda aka buɗe a 2005 a tsallaken Pratunam, shi kuwa kasuwar sarin ce aka shigar cikin bene, da matakala mai tafiya da kanta, ana ciniki da kalkuleta kamar a waje. Siam Paragon na masu hannu da shuni ne, har motocin alfarma ake ajiyewa a hawa na sama, mu dai kallo muka yi muka fito. Wanda ya ba ni dariya shi ne ICONSIAM, da aka buɗe a Nuwamban 2018 a bakin kogin Chao Phraya. An kashe dukiya mai yawa an gina shi, sannan a hawan ƙasa aka haƙa 'yar ƙorama aka sa kwale-kwale da mata masu malafa suna sayar da abinci, ana kwaikwayon kasuwar ƙauye. Wato kantin zamani ne ke neman albarkar tsohuwar kasuwa. A ganina shi ya sa waɗannan kantuna ba su kashe kasuwanninsu ba, kowa da masu zuwansa, kuma mai kanti da mai rumfa sau da yawa masana'anta guda ke ɗinka musu. Mu kuwa an buɗe Ado Bayero Mall a Kano a 2014 da ɗoki, kafin shekara goma ta cika Shoprite ta rufe reshenta na ciki a Janairun 2024, Kwari da Singa da Sabon Gari suna nan suna cin kasuwarsu.

Ranar Asabar muka je Chatuchak, kasuwar mako wadda aka dawo da ita wannan wuri a 1982, rumfuna wajen 15,000. An raba ta sashe-sashe da lambobi, 'yan tukwane daban, 'yan gwanjo daban, 'yan tsuntsaye daban, yadda tun zamanin Muhammadu Rumfa aka tsara kasuwar Kurmi. Clapperton ya ba da labarin cewa a Kanon 1824 idan ka sayi riga ka kai ta wani gari ka tarar da aibi, kana iya mayar da ita, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin, dole ya nemo mai ita a biya ka. Wannan amana ita ce jarin fatake, ita ce kuma aka yi mana ɓarnarta a Bankok. Tun shekarun 1990 wasu 'yan ƙasarmu suka mayar da hanyar ta safarar hodar iblis, gidajen yarin Tailan suka cika da su, har a 2003 aka dawo da ɗaruruwa gida su ƙarasa wa'adinsu. Sakamakon haka, lokacin da muka nemi biza sai da kowannenmu ya kawo takardar wankewa daga hukumar NDLEA. Tsohon ɗan kasuwa mai furfura, wanda bai taɓa ko shan taba ba, ya bi layi a tantance shi. Mugu shi ya yi ta'asa, na kirki ke biyan bashi.

Maganar salla da abinci ba ta ba mu wahala ba yadda na zata. Ƙasar mabiya addinin Buda ce, naman alade yana ko'ina a abincin bakin titi, sai ka nemi tambarin halal ko mace mai lulluɓi. Amma masallatan Bankok sun haura 150, akwai Darul Aman kusa da Pratunam, manyan kantunan ma sun ware ɗakin salla. Da dare mukan hau tuk-tuk, wato Keke Napep ɗinsu, mu je unguwar Nana inda Larabawa suka yi sansani mu ci gurasa da gasasshen rago. A bakin ruwan Saen Saep kuma akwai unguwar Ban Krua ta Musulmin ƙabilar Cham, masaƙan siliki tun kaka da kakanni, waɗanda wani Ba'amurke, Jim Thompson, ya ɗauki saƙarsu ya tallata wa duniya bayan yaƙin duniya na biyu. Yanzu masaƙan da suka rage a unguwar ba su da yawa, su ma zamani ya taɓa su, kamar marinar Ƙofar Mata.

Su kansu mutanen Pratunam suna kukan cewa kasuwa ba kamar da ba. A ranar 2 ga Yulin 1997 gwamnatin Tailan ta saki kuɗinta, bat, ya faɗi daga 25 a dala ɗaya zuwa sama da 50 cikin wata shida, masana'antu da bankuna suka durƙushe. 'Yan kasuwar Afirka da dama da ke zaune a Bankok da Jakarta suka tattara suka koma Gwanzu ta ƙasar Sin, wadda ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001 ta kuma karya farashin kowa. Guguwar da ta rage wa Bankok baƙi ita ce ta ƙarasa masaƙunmu, UNTL ta rufe ƙofarta ta Kaduna a 2007. Yayana ya ce mini masu zuwa Bankok yanzu su ne masu neman ɗinki mai ƙarko da kaya kaɗan, mai son cika kwantena da araha Sin ya nufa. Daga baya ma shi kansa ya daina zuwa. Lokacin tafiyarmu dala tana wajen naira 360, a 2024 ta haura 1,500, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya cinye ribar. Yanzu ta WhatsApp ake turo masa hotuna ya zaɓa, ya biya ta hannun wani a Kano.

Saura hajar da ta fi riga shiga gidajenmu, wato shinkafa. Mu da muke zaune a kan fadamun Gulbin Zamfara, muke maƙwabtaka da Argungu da Suru, mun wayi gari ba a yin biki sai da 'yar Tailan, don ba ta da tsakuwa kuma tana tashi a tukunya. A 2014 abin da Tailan ta sayar wa Nijeriya kai tsaye ya haura tan miliyan ɗaya, ban da wadda ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta Gaya da Kamba da Illela a kan babura. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita dala, a Nuwamban shekarar Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, aka buɗe babban injin casa a Argungu a 2017, aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mutanenmu suka koma fadama da injin ban ruwa, har matasan da suka saba tafiya Ikko. Sai ga 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Kebbe, ga tsadar taki da mai, sannan a 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci na wani lokaci, farashi ya sauko, mai saye ya ji daɗi, manomi ya yi tagumi.

Har yanzu buhun Tailan, ko ba komai a ciki, kuɗi ne a kasuwanninmu. Wasu masu albasa da barkono ke saye, wasu a farke a ɗinka a yi rumfa da shi. Wasu kuma 'yan kasuwa ne ke bi suna tattara masu kyan, su ɗura shinkafar da aka noma a fadamarmu aka casa a Kebbi, su ɗinke baki da zare, su kai birni a sayar da sunan 'yar waje.